Tabar Kakana, Malam Sule

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba tun ranar da Kaka ya rasu. Ina aji, a sakandaren da na shiga bana, sai Kawu Isa, ƙanen Mama, ya zo ya yi magana da malama, ta ce in ɗauki jakata. A kan babur ya ce mini, "Hauwa, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, amma hawaye bai zo ba. Da muka iso gida a Dutsen Alhaji na tarar an buɗe tagar ɗakinsa, Mama tana zagayawa da kaskon turaren wuta don a kori warin taba kafin masu gaisuwa su cika gida. A nan na fashe da kuka. Kowa ya ɗauka ganin gawa ne ya sa. Ni kuwa warin da ake kora nake yi wa kuka.

Da aka ce in rubuta wani abu don ranar addu'ar arba'in, Mama ta ja ni gefe ta ce, "Ki rubuta sallarsa da kirkinsa. Kada in ga maganar taba, ba abin faɗa ba ne." Na gwada, amma duk inda na bi in kai ga kirkinsa sai in tarar da ita a hanya.

Kaka direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani oga a Garki, kuma a hannunsa ya fara ganin irin wannan tabar. Ba sigarin shago ba ce. Mai kauri ce kamar babban yatsa, baƙa-baƙa, ganye ne zalla aka naɗe, da ɗan zoben takarda a wuyanta. Bayan ogan ya rasu, ɗansa ya riƙa aiko wa Kaka da 'yan kaɗan duk Sallah. Su ne zai yi ta lallaɓawa har wata Sallar.

A cikin gwangwanin alewa yake ajiye su, tare da ɗan tsumma mai laima, domin idan suka bushe sun lalace. Wata rana kakata, Inna, tana shara ta buɗe gwangwanin, ta ji damshi, ta kwashe su ta shanya a rana kusa da barkononta. Kafin la'asar duk sun tsattsage. Kaka ya tsuguna yana kallonsu kamar an yi masa rasuwa.

Inna ta ce, "To ni na san ana jiƙa taba? Na ga za su yi fumfuna ne."

Ya ce, "Ai sai ki daka ki zuba mana a miya, Hajiya, kada a yi asara."

Ta ce, "In kashe 'ya'yana?"

Dariya ya yi har da tari. Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai daga ranar ya ce ni, amaryarsa, ni ce mai jiƙa tsumma. Haka yake kirana don tsokana, yana cewa Inna ta tsufa.

Ranar da zai sha, sai ya ci tuwo ya ƙoshi, a haɗa masa shayi mai sukari. Ya ce wannan tabar tana da ƙarfi, ya taɓa shanta da yunwa, zufa ta karyo masa, ƙasa ta riƙa juyawa da shi. Bayan la'asar zai fitar da kujera gindin gwanda, ya ɗaga yatsa ya ji inda iska take. Idan maƙwabciyarmu Maman Ladi ta yi shanya, ko yara suna wasa a wajen, sai ya mayar da ita gwangwani ya ce, "Yau ba ranarta ba ce." Idan babu kowa, ya zaunar da ni ta inda hayaƙi ba zai same ni ba. Ya yanke kanta da reza a hankali, ya ƙyasta ashana yana jujjuya ta har bakin ya kama ko'ina. Ba ya haɗiye hayaƙin. Yana riƙe shi a baki, ya lumshe ido, sannan ya sake shi sannu.

Na taɓa tambayarsa me yake ji. Ya ce da farko yaji ne a maƙogwaro, kamar barkono. In an jima sai ta kwanta, ta koma kamar soyayyar gyaɗa da ɗacin goro, can ƙarshe kuma ƙasar da ruwan farko ya daka. Ya ce, "Ba a yi mata gaggawa. Ka ja ta da ƙarfi, ta yi zafi ta ƙona maka harshe." Tokar kan yi tsawo, fara, ba ya kakkaɓe ta sai ta faɗi da kanta.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ko an kira sunana sai murya ta maƙale. A gida akan ƙarasa mini zance kafin in kai ƙarshe. Kaka ne kaɗai ba ya yin haka. Tabar nan ba ta ƙarewa da wuri, shi kuma ba ya tashi sai ta ƙare. Idan na fara magana na tsaya, sai ya ce, "Ba inda za mu, amarya, ko rabi ba ta kai ba." A gindin gwandar nan na faɗa masa cewa ina tsoron sakandare, na faɗa masa yarinyar da take kwaikwayon muryata. Bai yi mini wa'azi ba. Ya saurara kawai, har na gama da kaina.

Bai taɓa ce mini abu ne mai kyau ba. Yakan ce, "Rauni na ne, Allah Ya sani. In na gan ta a bakinki, a ranar zan sake ki in koma wa Inna." Kafin magariba zai yi asuwaki, ya canja riga, don kada ya cutar da wanda zai tsaya kusa da shi a sahu. Likita ya hana shi, ya rage, bai daina ba. Na ji Kawu yana cewa ita ta taɓa masa ƙirji. Wataƙila haka ne. Ban sani ba, kuma ba zan kare ta ba.

Kwana uku da rasuwar, Mama ta sake shiga ɗakinsa da kasko. Inna tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Ita da ta shekara da shekaru tana cewa ya fita mata da hayaƙinsa, sai ta ɗago kai ta ce, "Ki fita da turaren nan, Binta. Ki rufe tagar. Ku bar mini ɗan abin da ya rage."

Ya Allah, Ka ji ƙan Kaka. Ka san rauninsa fiye da mu, Ka kuma san haƙurinsa. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna juriyar zama a ɗakin nan ba shi. Ka sanyaya zuciyar Mama da ta Kawu, Ka riƙe mu da muka rage. Amin.

Kawu ya ce in ba shi takardar, shi zai karanta a ranar tunda ni ba na iya magana a gaban mutane. Amma ba zan goge ko layi ɗaya ba, kuma ni zan karanta da bakina, a tsakar gida, kusa da Inna. Idan murya ta maƙale zan tsaya, in jira, in ci gaba.