Sababbin Haƙoran Numa Prosper

Shekara talatin da ɗaya ina bin bayan Numa Prosper da 'yar gangata a titunan New Orleans, shi ya sa na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Gajere ne siriri, da rana aikin shafen bango yake yi, kullum da burbushin farar ƙasa a girarsa. Kilarinet yake busawa, baƙar sarewar nan mai maɓallan azurfa. A shagon wani wanzami ya koya a unguwarmu ta Treme, ya yi shekara shida yana busa wa 'yan rawa a jirgin ruwa, sannan ya dawo ya tattara mu, mutum tara, ya ce shi ne shugaba. Babu wanda ya zaɓe shi. Babu kuma wanda ya yi gardama, don in ya ɗaga sarewar nan sama, ko alfadarin mai tallar ƙanƙara sai ya tsaya ya saurara.

Mun yi kiɗan jaz a gidajen rawa da bukukuwan aure, amma a jana'iza muka yi suna. Ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu, duk ɗanta da ya rasu mu ke raka shi. Kan hanyar maƙabarta kiɗan makoki ne, a hankali, ni kuma na cusa hankici a gangata don muryarta ta dushe. In an binne, muka ɗan yi nisa, sai na zare hankicin na kaɗa, rawa ta ɓarke har gida.

To, a 1958 haƙoran Numa suka ƙare. Shi da alewa ba a shiga tsakaninsu, na yi masa faɗa har bakina ya gaji. Likita ya cire sauran, ya yi masa na roba. Mai busa kuwa da haƙori yake riƙe bakin sarewa. Wata huɗu bai fito aiki ba. Wata rana na bi ta bayan gidansa na ji yana gwadawa, sarewar na ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Tausayi ya kama ni har na fasa shiga.

Sai labari ya zo cewa Mista Valsin, shugaban ƙungiyar, zai ba wasu samari aikin jana'iza. In aka yi haka, mun watse ke nan, Numa kuma ya rataye sarewa. Ni da Numa muka je muka sami Mista Valsin. Tsoho ne ɗan tamanin, bakinsa ya fi ƙafarsa lafiya.

"Numa," in ji shi, "ni ba abin da ya rage mini sai jana'izata. Ba zan kwanta cikin akwati ana yi mini kukan agwagwa a ka ba."

Na ce, "Haba tsoho, ai ranar ba ji za ka yi ba."

"Placide, da ganga aka san ka, ba da magana ba." Ya juya ga Numa. "Ranar Litinin ku zo tsakar gidana ku busa mini abin da za ku busa ranar jana'izata. In ya yi mini, aiki naku ne. In bai yi ba, kada ka ga laifina."

Numa ya ce to. A hanya sai taɓa muƙamuƙi yake yi.

Litinin da hantsi, mata na wanki, jan wake na kan wuta a kowane gida, muka jeru a tsakar gidan. Numa ya nace sai mun sa kayan aiki, farar riga da baƙar hula. Mista Valsin kuwa ya shige ɗaki ya miƙe a gado, ya haɗa hannuwa a ƙirji, wai yana so ya ji kiɗan yadda zai same shi. Mu tara, ƙarti da furfura, babu wanda ya tuna maƙwabta suna da kunne.

Na cusa hankici, na ba da taki. Numa ya busa, muryar ta tsage. Ya sauke sarewar, ya danna haƙoran da babban yatsa, ya sake ɗagawa. A wannan karon ta fito. Ba irin ta dā ba ce, ta ɗan dushe, tana rawa kaɗan, amma Allah ya sani ban taɓa jin ya yi busa mai ratsa jiki haka ba. Ina kaɗawa hawaye na zuba a kan gangata.

Ba mu gama waƙa ta biyu ba sai ƙofar gidan ta buɗe. Tirƙashi! Maza da huluna a hannu, mata an jefa baƙin mayafi a kan rigar wanki, wata har da tukunyar miyar kuɓewa. Madam Zerline, maƙwabciyar Mista Valsin ta shekara arba'in, ta ratsa mu tana kururuwa, ta faɗa ɗaki, ta gan shi a miƙe, ta zube a gefen gado.

Gawa ta buɗe ido ta ce, "Zerline, yi mini shiru mana, ba su gama ba."

Ihun da ta yi, na tabbata an ji shi a bakin kogi. Ta fito, shi kuma yana biye da ita da safa ba takalmi.

"Tsohon banza!" in ji ta. "Na bar wakena yana ƙonewa saboda kai!"

"Wa ya ce miki na mutu?"

"Sai an gaya mini? Na ji sarewar Numa tana kuka. Shekara ashirin, in ta yi haka an yi rashi. Wa zai tsaya tambaya?"

Mista Valsin ya dubi jama'ar da ta cika masa gida har titi, rabinsu idanu jajur. Ya daɗe yana kallon Numa. Sannan ya daka mini tsawa.

"To me kuke jira? Ai an binne ni! Placide, zare tsumman nan!"

Na zare. Kai, ranar an yi rawa! Mamacin ne a gaba, ya ƙwace laimar Madam Zerline yana juyi da ita, muka zagaya unguwa sau biyu, muka dawo aka cinye miyar makokin tas.

Shekara goma sha ɗaya Numa ya ƙara yana jagorancinmu bayan wannan. Amma abin da na fi tunawa shi ne bayan an watse, da na same shi zaune shi kaɗai a dakali. Ya ciro haƙoran ya ɗora a tafin hannu. Dasashinsa duk ya fashe.

Na ce, "Shugaba, jini fa."

"Na gani," in ji shi, yana murmushi da baki wayam. "Gobe gwaji ƙarfe huɗu. Kuma ɗazu a waƙa ta biyu ka yi sauri, kada ka ɗauka ban ji ba."