Kawu Idi da Raƙumin da Ya Kā da Shi

Duk wanda ya san Kawu Idi dillalin dabbobi a kasuwar Dakoro ya san robar cikin tayar babur da yake rataye da ita a kafaɗa. Ba ya zama a tabarma, ko a benci, ko a mota, sai ya hura ta ya ɗora mazaunansa a kai. Mai facin taya na bakin tasha kuwa, Kawu "lokotorona", wato likitana, yake kiransa.

Asalin lamarin, wani raƙumi ne ya kā da shi a hanyar Birnin Lalle, ya faɗi zaune a kan ƙashin gindinsa. Tun daga nan zama ya zame masa azaba. Daga baya mararsa ta soma zafi, fitsari ya riƙa matsa masa ba dare ba rana. Kawu ya dage cewa ciwon guda ne. Mutanen gari kuma suka ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake kwasowa a yawon banza, kuma wannan zargi ya fi ciwon cin ransa, saboda matarsa, Inna Rabi.

A wani ɗaurin aure a Sabon Maci, liman ya ɗaga hannu za a shafa fatiha, wuri ya yi tsit, sai robar ta huje da wata doguwar ƙara. Kawu bai ko motsa ba.

"Jama'a, taya ce," in ji shi.

Liman ya ce, "Mun yarda, Malam Idi. Amma ko don kokwanto, a sake alwala."

A likitar gari, wato asibitinmu, an sha ba shi ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Rannan ya mayar wa majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, da su.

"Ɗana, raƙumi ya kā da ni, ba mace ba. In kana da maganin raƙumi, kawo."

Ni kawuna ne, don haka da na gama karatu, na kai shi asibitin Maradi. Aka auna fitsari, ba a sami cuta ba. Likitan ya yi bayani cewa jijiyoyin da ke kula da mafitsara daga ƙasan gadon baya suke fitowa, don haka mai yiwuwa ne raunin can ya taɓa nan, ko da yake ba zai tabbatar ba. Kawu ya miƙe ya sake gaishe shi da hannu biyu.

A mota ya ce mini, "In mun isa, ka faɗi bayanin nan gaban Rabi. Amma wanga 'mai yiwuwa' ka bar shi nan Maradi."

Na ce ba zan rage maganar likita ba.

Na faɗa wa Inna yadda aka yi, kalma da kalma, Kawu yana tsaye yana kallon ƙasa. Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

"Malam, ni ban taɓa zarginka ba. Wace mace za ta tsaya da mutumin da ke tafiya kewaye tun ba a gama gaisuwa ba?"

Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan na ga yana share ido da hannun riga. Ashe shekarun nan duka amsar da yake nema tana cikin gidansa, kunya ce ta hana shi tambaya.

Ciwon bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah Ya sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ya shimfiɗa masa kabarinsa, Ya ba Inna Rabi haƙurin rashinsa. Amin.