Shekarar Da Muka Ci Jar Shinkafa

Ranar wata Laraba ce cikin watan marka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Muna tsakiyar darasin lissafi, rana ta fito tarwai, ko ɗigon hadari babu, sai muka ji kururuwa daga wajen gulbi. Malaminmu ya leƙa taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye alli ya ce, "Duk wanda gidansu ke gangare shi tashi shi tahi. Ruwa ya taso." Ban tsaya ɗaukar jakata ba. Na fita a guje ba ko takalmi, babu abin da ke raina sai shinkafar Inna da muka shanya tun da sassafe.

Garinmu Jega a bakin gulbi yake, wanda ya gangaro daga ƙasar Zamfara. A nan hanyoyi suka haɗu: ta Sakkwato, ta Birnin Kebbi, da wadda ta bi ta Maiyama ta nufi Yawuri. Kakata Tumba takan ce tun tana yarinya ta tarar da ayarin jakuna na sauka a garin da gishiri da kanwa da goro, in damina ta yi nisa kuma manyan jirage su hauro gulbi da kaya. "Garin ga ba shi barin baƙo shi wuce bai kwance kaya ba," in ji ta. A zamaninmu manyan motoci ne suka gaji jakuna. Ranar kasuwa sai ka ga albasar Aliero tuli-tuli, ƙanshinta har cikin aji, ga busasshen kifin Sarkawa, ga Fulani da ƙoren nono, ga 'yan kudu suna ɗinke buhuna. A bakin hanyar gulbi kuma akwai injin casar shinkafa na wani Alhaji, rumfar kwano ce doguwa, ƙararsa ke tashin unguwa kowace safiya, ɓuntu kuwa ya taru a bayansa kamar tsauni, mu yara muna hawa muna sulalowa, mu koma gida muna susa.

Babanmu ya rasu ina shekara shida, ya bar Inna da mu uku da Kaka. Da gyaran shinkafa ta riƙe mu. Takan sayo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin duro bisa murhu uku a tsakar gida, sannan a baza a rana kafin a kai inji. Ni ce babba, don haka ɗiban ruwa da iza wuta nawa ne, ƙannena kuma korar kaji da awaki. Mashanyar tana bayan unguwa, wani fako ne mai faɗi dab da ruwa, inda mata ke shimfiɗa tabarmi da tsofaffin buhuna. Nan muke carafke da gaɗa, muna yi muna juya shinkafa da ƙafa, zafinta na gasa mana tafin sawu. A makon nan Inna ta zuba duk abin da ta mallaka a shanshera, domin wani ɗan kasuwa ya ce zai kwashe gaba ɗaya in ta yi fari.

Da na iso, rabin fakon ya zama gulbi. Ruwan sama aka yi can gabas, mu kuma ya iske mu da rana tsaka, ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. Na hango Inna cikin ruwa har gwiwa, ta ɗaure zane a ƙugu, tana jan bakin tabarma, shinkafa na zubewa ta ɗaya gefen. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta ce, "Hauwa'u, koma tudu!" Ban koma ba. Na kama ɗaya bakin tabarmar, muka ja tare. Ƙanenta Kawu Mamman, wanda masunci ne, ya turo jirginsa har kan fakon, mata suka riƙa juye shinkafa a ciki da ƙorai da fayafai da kallabi, ba mai tambayar ta wace ce. Ni dai na san na yi sawu ya fi a ƙirga da ƙwarya a ka, ruwan shinkafa na bin wuyana. Sai da ruwa ya kai ma Inna ƙirji Kawu ya daka mata tsawa, "Yaya, bar sauran! Ɗiyanki sun fi ta." Ta saki tabarmar ƙarshe, ta tsaya tana kallo ruwa ya tafi da ita.

Abin da aka tsirar ya jiƙe sharkaf, kuma kowa ya san jiƙaƙƙiyar shinkafa in ta kwana biyu a tare funfuna za ta yi. Gidajenmu duk laka, ba wurin shanya. Muna tsaye cirko-cirko a bakin hanya sai Alhaji mai inji ya fito. Mutum ne mara yawan magana, mu yara tsoronsa muke ji. Ya dubi tulin, ya dubi matan, ya sa aka kashe inji, aka fitar da buhunansa waje aka rufe da tamfol. "Ku baza a ciki, daɓen siminti ne," ya ce. Kwana huɗu unguwa ba ta ji ƙarar inji ba. Mu ne a rumfar daga safe har la'asar, muna juyawa muna fifita da faifai, Kaka na gefe tana tsince tsakuwa tana ba mu labarin wata ambaliya da ta ce ta fi wannan, ko da yake ban yarda ba.

Shinkafar ta bushe, amma da aka casa ta fito ja, da ɗan warin gulbi. Ɗan kasuwar ya damƙa ya shinshina ya girgiza kai ya wuce. Muka ɗauko ta muka bi Inna gida. Da muka shiga ta ɗora tukunya, ta dafa ita wannan shinkafar da mai da yaji, ta zauna a tsakiyarmu ta fara kai loma. "Wadda ruwa ya ɗanɗana ya bar muna, mu ma mu ɗanɗana," ta ce, muka fashe da dariya, har da Kaka. Daga baya gwaggonmu ta garin Kashin Zama ta karɓi buhu biyu ta aiko da albasa, Inna ta riƙa kasawa a ƙofar gida, da haka ta sake tayar da murhunta kafin lokacin kaka. Sauran kuwa mu muka cinye, tuwo da dare, ɗumame da safe, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini 'yar jar shinkafa.

Yanzu in na je gida nakan ga manyan injuna masu turarawa da busarwa da kansu, shinkafa na fitowa fara tas cikin buhuna masu rubutu. Babura sun cika hanyar gulbi, an yi gine-gine a inda rumfar Alhaji take, shi da Kaka da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, mun hana ta zuwa kusa da murhu. Bara na kai mata buhu guda na irin ta kamfani. Ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta ciji ƙwaya ɗaya. Can ta ce, "Ta yi kyau, ɗiyata. Amma ba a san hannun wa ta bi ba." Na zauna kusa da ita na riƙe nata hannun, duk tabon wuta ne, tafin ya yi kanta. Ni dai na san hannun da na bi.