Ranar da Iya ta watsar min da kaskon turare

Ni mace ce mai son ƙamshi, ba na ɓoyewa. Lokacin da muke haya a Fagge, ɗakina ba ya rabuwa da turaren wuta safe da yamma. In na zuba a garwashi sai na rufe taga na saki labule, don ƙamshin ya kama kaya sosai. Haka na ga uwata tana yi.

'Yata ta fari tana shekara biyar asma ta fara tasar mata. Ƙirjinta ya dinga kuka kamar kyanwa, in ta ja numfashi har haƙarƙarinta ake gani. Mu kuwa muka ce sanyi ne. Wata Juma'a da hantsi abin ya tashi, na lulluɓe ta da bargo, na toshe ko'ina, na ƙara habbatus sauda a kan garwashin, ni a dole ina magani.

Maƙwabciyarmu ce ta jiyo tarin, wata dattijuwar Bayarabiya mai sayar da leshi a Sabon Gari, Iya muke ce mata. Ko sallama babu ta faɗo ɗakin, ta suri kaskon ta watsar a tsakar gida, ta bankaɗe labule, ta buɗe taga. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata ɗakina ne, 'yata ce, ba na son shisshigi, har da maganganun da yau nake jin kunyarsu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta goya yarinyar, ta tare mana adaidaita, sai asibiti.

Likita ya ce hanyoyin numfashin mai asma dama a kumbure suke, hayaƙi kowane iri, na turare ko risho ko maganin sauro, ƙara matse su yake su cika da majina. Ya ba mu abin shaƙa. Na yi tsuru-tsuru, na kasa haɗa ido da Iya. Daga ranar turare ya bar ɗakina, girki ma ya koma waje. Yarinyar ta samu lafiya, kuma har gobe ba na sallah ban sa Iya a addu'a ba.

Da na je ba ta haƙuri, na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Tana ninke leshi ta amsa.

"'Yata," ta ce, "nawa yaron, ni na rufe masa taga da hannuna. Ba wanda ya shigo, har na rasa shi."