Naman doki a Shiling

Likita ya ce gyambon cikina ba ya son yunwa, kada in wuce awa uku ban sa wani abu a baki ba. Shi dai bai taɓa zuwa garin Shiling na ƙasar Sin sayen jakunkuna ba. Can tun safe kake tafe, daga wannan masana'anta zuwa waccan, hau bene, sauka bene, kuma duk inda ka tambayi abincin halal sai a ce maka "meyo", wato babu.

Ran nan mota ɗaya muka shiga da maƙwabciyata a masauki, wata dattijuwa 'yar Kirgistan, ita ma jaka take sara. Turancinta kaɗan ne, rabin hirarmu da hannu muke yi. Kafin la'asar cikina ya ɗauka kamar an zuba garwashi. Na zauna a matakala na ce ni fa ba inda za ni.

Ta buɗe ƙunshinta. Wasu fararen dunƙule masu tauri kamar tsakuwa, nono ne aka busar da gishiri. Ta ce da su mutanensu ke yini biyu suna bin dabbobi a kan duwatsu. Sai nama yanka-yanka mai kitse. Musulma ce, tare muka yi azahar, don haka ban tambaya ba. Na ci yanka uku, ciwon ya fara lafawa.

"Mama, na saniya ne?"

Ta yi dariya ta nuno min hoto a waya. Doki.

Na tsaya da na huɗun a hannu. Mu tun a Islamiyya aka ce mana ba a cin doki.

"Halal ne, 'yata, halal!" Tana dukan ƙirji. "Mijina ya yanka da hannunsa. Ci, dube ki kamar sanda."

"A'a, Mama. Mu ba ma ci."

Na mayar mata. Fuskarta ta canja, ta nannaɗe naman a hankali ta cusa a jaka. Saura masana'anta uku, kuma ba ni da komai, sai na ɗauki dunƙulen nonon ɗaya na jefa a baki. Gishiri da tsami har hawaye. Ba ya tauno, sai tsotsa. Haka na bi ta a baya, bene bayan bene, in ɗaya ya narke in miƙa hannu ta ba ni wani ba tare da ta kalle ni ba.

Da su na ƙarasa ukun a tsaye. A mota ta kau da kanta gefe, ni kuma ba ni da ƙarfin ba da haƙuri. Na jingina da gilashi, cikina ya yi shiru, ƙafafuna suna zugi.