Rizgar Tanko

Ban taɓa mantawa da ranar da helluma Audu, da tumbinsa da komai, ya tsere wa matasa a guje ba. Lokacin ina lebura a sito na tashar jirgin Kano, tun kafin mulkin kai. Helluma shi ne shugaban leburori, aikinsa nuni da baki, mu kuwa mu sauke kaya daga tarago.

Muna da al'ada: abin da ya zube daga yagaggen buhu rabon lebura ne, kuma ba mai tona wani. Ran nan wani buhu ya iso daga kudu ya yage, wasu saiwoyi suka zubo. Tanko, wanda ko tsakuwa ta faɗi sai ya duba ko tana ciyuwa, ya ce rizga ce. Ya cika hula ya sulale gida.

Can sai ga mai kayan, Malam Bukar mai magani na Fagge. Ya tambayi wanda ya ɗiba, muka yi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Ya ce baurairai ce, a inuwar kurmi take fitowa da saukar damina, ta naɗe itace ta yi fure ja da rawaya. Dakawa ake yi a shafa don ƙwarƙwata da ciwon gaɓɓai. Mu dai mun ɗauka dabarar kamun ɓarawo ce.

Sai ya sassauta murya: "Ni na yafe. Amma wanda ya ci, ku tanadar masa likkafani."

Wallahi nan take na tuna Tanko na da mata da 'ya'ya. Helluma ya yar da takalmi ya zura a guje, muka rufa masa baya har gidan Tanko a Fagge. Muka tarar an sauke tukunya, yara sun kewaye ta da kwanoni. Uwargidan ta ce maigida ya hana a taɓa, wai shi ba ya cin rizga gaya, ya tafi Sabon Gari sayen man ja.

Helluma ya kife tukunyar, ya zube ƙasa yana haki. Tanko ya shigo da kwalba a hannu, tambayarsa ta farko wa ya ɓarar masa da abinci.

Mun yi shekaru muna kiransa Sai-da-mai. Amma ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji ni: rufa wa abokin aiki asiri abu ne mai kyau, sai dai ran nan shirunmu ya kusa kai gida guda kushewa. In mai kaya ya tambaya, ku fara jin mene ne a buhun, sannan ku yi shirunku.