Ranar da Dada Ta Shafe Cokali

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, aka tara matan unguwarmu ta Ƙofar Ran a tsakar gidan mai unguwa. An yi ruwa da safe, ƙasa ba ta bushe ba, aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, mata suka cika ta har bakin rijiya. Ni ba karatu ya kai ni ba. Na bi Inna ne don ƙanena Isiyaku yana goye a bayana, in ya farka kuma nono zai nema. A gaban taron akwai wata malamar asibiti, Sista Rifkatu, doguwa mai dariya da ƙarfi, mutuniyar kudancin Bauchi. Mun zaci allura za ta fito da ita, sai ga ta tana jera kwalaben lemo biyu, da ƙaramin cokali, da gishiri, da sukari na ƙwaya. Wata tsohuwa ta ce ashe shayi aka kira mu sha, aka kwashe da dariya har da ita Sistar.

A lokacin, in yaro ya kama gudawa cewa ake haƙori ne, a rage masa ruwa wai don cikin ya tsaya, in maɗigarsa ta faɗa a kwaɓa magani a shafa. Sista ta ce ƙishirwa ce ke ɗauke yaran nan muna kallo. Ta zuba tafasasshen ruwa kwalba biyu a kwano, ta jefa sukari ƙwaya biyar, ta ɗebo gishiri cokali ɗaya, ta shafe bakin cokalin da yatsa har ya yi daidai. Ta sa kowace mace ta haɗa da hannunta, ta kuma ɗanɗana. "Kada ya fi hawaye gishiri," in ji ta, "in ya fi, zubar da shi, cuta ne." Ta ce in yaro ya yi fitsari to ruwa ya shiga jikinsa, in kuwa ya ƙi sha sam a ruga da shi asibiti. Mako uku ana wannan zama, daga ƙarshe aka zaɓi wasu mata su riƙa shiga gida-gida suna koyarwa, Inna na cikinsu.

Mutum ɗaya ce abin bai yi wa daɗi ba, kakata Dada, mahaifiyar Baba. Dada awo take yi a cikin gida: gero, dawa, gishiri, kanwa, daddawa. Duk unguwa an san mudunta, ba ya fita sai da tozo, ta kuma bi shi da gyara cikin tafin hannu. Takan ce, "Hannun da ya shafe awo ya shafe albarkarsa." A wurinta shafe bakin mudu aikin marowata ne, shi ya sa da ta ga Sista ta shafe cokali ta taɓe baki, ta ce wannan yarinya da ganinta ba ta taɓa ciyar da baƙo ba.

Ni kuwa 'yar ɗakin Dada ce. A gadonta nake kwana, ƙanzon tukunyarta nawa ne, ita ke yi mini kitso tana tsokanata wai kaina kamar na ubana, ba ya jin magana ba ya jin mataji. Da safe in ja ruwa a rijiya in cika randuna, in wanke kwanuka da toka, in ɗauki tsintsiyata ta sharar filin makaranta in ruga kafin a buga ƙararrawa. In an tashi, kafin in cire kayan makaranta an ɗaura mini Isiyaku. Da shi nake carafke, da shi nake 'yar gala-gala yana kai da kawowa a bayana yana ƙyalƙyala dariya. Ranar Asabar Baba ya ɗora mu a keke zuwa gonarsa ta hanyar Gubi, in zauna da shi a inuwar ɗorawa muna korar awaki daga gyaɗa. Ban san bayana ba tare da ɗuminsa ba.

Inna ta riƙi aikin nan kamar ibada. Mace ce mai kunya, wadda ko muryarta ba a ji a gaban surukarta, amma ta yafa mayafi ta shiga lunguna da cokalinta a ƙulle a bakin zane. Tana hana barin randa a buɗe, tana faɗa a kan yara masu tsoma hannu a moɗa. Mu ma muka mai da abin wasa, muna auna yashi a marfin kwalba, ni ce Sista, har dariyarta nake kwaikwaya.

Da ruwa ya yi nisa gudawa ta shigo unguwa, ta kama Isiyaku wata Alhamis. Tun safe Inna ke ɗura masa ruwan cokali-cokali. Bayan azahar aka aiko a guje daga bayan layi, ɗan wata amarya ya galabaita, ba ta san abin yi ba. Inna ta dubi nata ɗan, ta dubi ɗan aiken, ta ce in ci gaba da ba shi, yanzu za ta dawo. Ba ta daɗe da fita ba ruwan ya ƙare. Dada ta ce ai ita ma ta zauna a gaban Sista, ta san yadda ake yi. Ta auna ruwa daidai, ta ƙirga sukari daidai, sannan ta ɗebo gishiri cokali har da tozo, ta sake tsakuro wani da yatsu uku ta barbaɗa. "Ga gyara," ta ce, "jikana ne, ba zan yi masa rowa ba."

Na karɓi kwanon na ɗanɗana kamar yadda aka koyar, gishirin ya ɗaure mini harshe. Isiyaku yana kan cinyata, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, yana buɗe baki yana neman cokalin. Tunda aka haife ni ban taɓa ce wa Dada a'a ba. Na ce, "Dada, ya yi gishiri." Ta ce ita ta raini ubana da baffannina, ba ɗiyar jiya ce za ta koya mata awo ba, in ba shi ko in ba ta shi. Ta miƙo hannu. Ni dai ban san lokacin da na saɓa Isiyaku a baya ba, ko majanyi babu, na fita a guje ba takalmi, ina taka taɓo ina kuka har gidan da Inna take.

Muka dawo tare. Inna ta ɗanɗana ruwan, ta ajiye. Na zaci ranar za a ji muryarta, sai na ga ta kawo sabon kwano da ruwa da sukari, ta durƙusa gaban Dada kanta a sunkuye, ta miƙa mata cokali da robar gishiri. "Dada, hannuna rawa yake yi. Ku auna mana, naku ya fi albarka." Dada ta daɗe tana kallon yaron. Ta tsoma yatsa a nata haɗin ta kai baki, fuskarta ta yamutse. Sannan ta ɗebo gishiri, ta ɗora yatsan da ya shekara arba'in bai shafe awo ba, ta shafe. Ta tashi da kanta ta zubar da kwanon farko a makwarara, tana cewa, "Yau na yi rowa, Allah ya yafe mini."

Muka yi ta ba shi mu uku, muna karɓa-karɓa. Dab da magariba na goya shi ina zagaya tsakar gida, sai na ji ɗumi yana bin bayana har ƙafa. Yaron nan ya sha yi mini fitsari ina masifa, amma ranar ihu na yi, matan gida suka fito suna guɗa. Dada ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba. A na uku na tarar da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin matashina, kuma daga makon ta fara bin Inna gida-gida, tana ba da labarin kanta, tana ce wa tsofaffi 'yan'uwanta su bar gyaransu a bakin mudu.

Yau Isiyaku magidanci ne mai furfura a gemu, in na ba shi labarin dariya yake yi. Dada da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, gidanmu kuwa an raba an datse shi da bulo. Ina zaune a Yalwa, a gidan haya mai ƙofar ƙarfe, kuma maganin yanzu a leda yake zuwa, an riga an auna, ba mai kuskure. Na san ci gaba ne, ina godiya. Sai dai bara da autata ta kwanta da irin wannan ciwo, na haɗa mata ruwan ni kaɗai a falo, hannuna yana rawa da gaske, na tuna shekara huɗu muna katanga ɗaya da maƙwabciyata ban san sunanta ba. Ranar na yi kewar mutanenmu har na yi kuka. Magani yana hannuna, wanda zan miƙa wa cokali ne babu.